Kundin waƙoƙina na farko: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau muka zauna da mai kiɗa a situdiyonsa da ke Yelwa, nan Bauchi, muka yanke magana. Waƙa tara, dukkansu ni na rubuta, baiti da kari. Babu ta biki a ciki, babu ta ɗan siyasa, babu wadda za a jero sunayen alhazai a ƙarshenta. Ya ce, "To malam, wa zai biya?" Na ce ni. Sai da ya cire hula don dariya.

Mun tsaya a kan naira dubu 25 kowace waƙa, kiɗa da ɗaukar murya da haɗa sauti. Man janareta a kaina yake. Mastarin kuwa, wato gyaran sauti na ƙarshe, a Jos za a yi, don shi da bakinsa ya ce lasifikokinsa ba su kai su yi wannan hukuncin ba. Abin da ke hannuna naira dubu 410 ne, kwasar adashen Disamba da kuɗin waƙoƙin amare biyu da na yi kafin ƙarshen shekara.

Sharaɗina ɗaya ne: jita da hannuna zan kaɗa, kalangu kuma mutum zai zo ya buga, ba na cikin fiyano ba. Fiyanon Yamaha ɗin nan da ke kowane situdiyo, daga nan har Titin Gidan Zoo a Kano, akwai ganga da sarewa da komai a cikinsa. Shi ya sa in ka hau keke napep daga Wunti zuwa Yelwa za ka ji waƙa biyar ka rantse guda ɗaya ce ake ta maimaitawa. Ba raini nake yi ba, da wannan kiɗan nake cin abinci ranar biki. Amma a wannan aikin ina so a ji itace da fata.

Alhamis, 9 ga Janairu

Gwajin waƙa huɗu, jita da murya kawai, don a san gudun kowacce. Da rana ina shagon Yaya a Wunti, caja da murfin waya, sai bayan Magariba nake samun zuwa.

Talata, 14 ga Janairu

Hunturu ya sauko da gaske. Tun Lahadi hazo ya rufe duwatsun da ke kewaye da gari, ni kuma murya ta tafi. Ina buɗe baki sai wani gurnani. Inna ta haɗa mini citta da kanumfari da zuma, ta ce in daina yawo da dare ba rawani. Jitar ma ba ta tsira ba: itacen ya bushe, tsirkiya ta uku tana ziza duk inda na danna. Wani mai kaɗa jita a coci ya ce in jiƙa soso in matse, in sa a gidan sabulu mai huji, in ajiye cikin jakar jitar. Na yi, ana jiran sakamako.

Tunda ba waƙa, sai muka fuskanci janareta. Bayan duhun da aka sha a Arewa cikin Oktoban bara mai kiɗa ya sayi ƙaramar inbata da batir ɗaya, amma ba ta wuce awa biyu in kwamfuta da lasifika suna kunne. Da an tayar da inji kuma, makirfo sai ya kwashi gurnaninsa. Ɗakin ɗaukar muryar bai fi banɗaki girma ba, an manne bangon da yankakkiyar katifa da kwalin ƙwai, ƙofa kuma an rataya mata bargo. Duk wannan yana tare ƙarar da ke bin iska, amma ta injin ta ƙasa take biyowa, ta hau ƙarfen da ke riƙe da makirfo. Muka sayo doguwar waya, muka kai injin bayan katangar maƙwabci da izininsa, muka ɗora shi a kan tsohuwar taya. Ya ragu ƙwarai. Abin da ya saura sai ka ƙure kunne.

Laraba, 22 ga Janairu

Murya ta dawo. An ɗauki waƙa biyu. Jita ta daina ziza.

Asabar, 25 ga Janairu

Ranar kalangu. Baba ya zo daga cikin gari da kalangunsa a buhu, tsoho ne da ya yi wa mahauta kiɗa tun ana yanka saniya a raba da kwano, yanzu kuma bukukuwa yake bi. Bai taɓa shiga situdiyo ba. Da aka sa masa abin ji a kunne, ƙyas-ƙyas ɗin nan na kwamfuta mai ƙirga bugu ya fara, bai yi minti ɗaya ba ya cire ya ajiye a cinya.

"Ɗan nan, wane ne wannan yake ƙwanƙwasa mini kai?"

Na ce, "Baba, agogon kiɗa ne, shi za ka bi."

"Ni zan bi shi? Shekarunsa nawa?"

Mai kiɗa ya ce a bar shi ya buga yadda ya ga dama, daga baya zai yayyanka ya jera kowane bugu a kan layi. Aka gwada a waƙar tasha. Kowane bugu ya zauna daram inda lissafi ya ce, amma kiɗan ya mutu murus. Abin da ke sa kalangu ya yi rai shi ne ɗan jinkirin nan da ɗan gaggawar nan, da yadda hammata ke matse tsirkiyoyin fata ta ɗaga murya, a saki ta sauko. In ka yanka tsakiyar wannan hawa da saukar, me ya rage?

Sai Baba ya ce in ajiye jita tukuna, in faɗa masa baitin da baki, ba da kari ba. Na karanta masa. Ya saurara ido rufe, ya ce in sake. Sannan ya ɗauki makaɗi ya faɗi baitin nan da kalangu, gaɓa bayan gaɓa, inda harshe ya hau ya hau, inda ya sauka ya sauka. Yaron situdiyo da bai ji ni ina karantawa ba ya shigo daga waje ya gane rabin maganar. A wuri ɗaya kalangun ya ƙi tafiya tare da karina, Baba ya tsaya ya ce, "Nan ka karya harshe." Da na duba, karin da na ɗora yana hawa a inda maganar ke sauka. Muka gyara layin nan take, kuma ya fi daɗin rerawa.

Shawarar da aka yanke: waƙoƙi uku masu kalangu za a ɗauke mu tare, ni da jita shi da kalangu, ba agogo. Sauran kiɗan mai kiɗa zai bi mu da hannu a fiyano. Aiki ne ninki biyu a gare shi, kuma bai ɓoye ɓacin ransa ba. Mun gama ukun kafin Isha.

Da na tambayi Baba nawa zan bayar ya ce abin da Allah ya hore. Na ba shi dubu 15 da goro da kuɗin keke. Ya sa albarka, ya ce in an gama a kai masa ya ji.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Bes da fiyano a waƙa uku. Fetur lita biyar, kusan dubu biyar. Ba wani labari.

Asabar, 8 ga Fabrairu

'Yar amshi ta zo. Ɗaliba ce a kwalejin fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, muryarta siririya amma ba ta rawa. Mahaifinta ya yarda bisa sharaɗi uku: yayanta ya rako ta, ta koma gida kafin Magariba, kuma ba sunanta ba fuskarta a ko'ina. Na amince. Yayan ya zauna a benci yana latsa waya har aka gama. Waƙa huɗu, dubu takwas-takwas.

Mun ɗan yi sa-in-sa da mai kiɗa a kan Auto-Tune, manhajar da ke daidaita murya in ta kauce. Hannunsa ya saba, da an ɗauki murya sai ya murɗa shi har ƙarshe, kowa ya fito da muryar ƙarfe iri ɗaya. Ya ce haka kasuwa take so. Wataƙila gaskiyarsa ne. Amma yarinyar nan ba ta kauce ko sau ɗaya ba, me za a gyara mata? A tawa muryar na yarda a taɓa kaɗan inda na zame, don ba zan yi da'awar abin da ba ni da shi ba. A tata kuwa na ce ko kusa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Jiya da daddare aka kawo wuta bayan kwana da kwanaki, ta zo da ƙarfin da ya wuce kima. Ƙwayayen unguwar suka yi ta fashewa. Kwamfutar situdiyo tana jone kai tsaye don batirin inbata ya mutu tun yamma. Mai kiɗa ya ce ya ji ƙauri kafin ya kai hannu.

Da safe ya kira ni a shago, muryarsa kamar mai shirin yin ta'aziyya. Waƙa biyar yana da kwafinsu a filashi. Huɗu babu, kuma duk ukun da Baba ya buga suna cikin waɗanda babu.

Ban iya cewa komai ba sai Innalillahi. Yaya ya ga fuskata ya ce in tafi, zai kula da shago. Muka cire rumbun ajiyar kwamfutar muka kai wa wani mai gyara a nan Wunti. Ya jona shi a tasa, ya kara a kunne, ya ce yana juyawa, alama ce mai kyau, amma kada mu sa rai da yawa. Dubu 15, ko an samu ko ba a samu ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu

An ceto waƙa biyu cikakku, duk masu kalangu. Ta uku, waƙar tasha, an samu jita da murya, kalangun kuma ya fito a daddatse, daƙiƙa goma lafiya sai tsaki. Ta huɗu ta tafi gaba ɗaya.

Na je cikin gari neman Baba, aka ce yana wajen Dass. Watan Sha'aban ne, kowa na son a ɗaura a tare kafin azumi, makaɗa ba sa kwana gida. Wannan guguwar bikin ni ma ta taɓa ni ta alheri: an kawo mini waƙar amarya ta dubu 70, na rubuta ta a dare ɗaya, fiyano da Auto-Tune har wuya, sunan kowace gwaggo ya fito. Sun ji daɗi, ni ma na ji daɗin kuɗin.

Mai kiɗa ya ce duk abin da za a sake ba zai karɓi ko kwabo ba, mai kawai zan saya. Mun haɗa kuɗi an sayi sitabilaiza, nawa kason dubu 20. Yanzu duk daren da aka tashi aiki sai an kwafe a filashi biyu, ɗaya ya kwana a aljihuna.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Baba ya dawo, an sake waƙar tasha. Bai buga ta yadda ya buga da farko ba, ya ce shi ba ya tuna kiɗan jiya. Wannan ta fi sauri kaɗan. Na fi son ta farko, mai kiɗa ya fi son wannan, kuma tunda ita ce ke akwai gardama ta ƙare.

Yau kuma muka rubuta takarda. A situdiyoyinmu ba a saba ba, ana gama waƙa a biya a watse, bayan wata uku ka ji kiɗanka a ƙarƙashin muryar wani. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta bambanta waƙar da aka rubuta da sautin da aka naɗa: ta farko tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, na biyun shekara 50 daga fitarsa. Wato abu biyu ne, kuma kowanne sai an san mai shi. Muka rubuta cewa baiti da kari nawa ne, naɗin ma nawa ne tunda ni na biya, ba zai sayar wa kowa kiɗan ba, kuma yana da kashi 15 cikin 100 na duk abin da ya shigo ta intanet. Na sa wa Baba kashi 5 a waƙoƙinsa uku. Da na yi masa bayani ya ce, "Allah ya sa mu gani." Yaya da wani maƙwabcin situdiyo suka sa hannu a matsayin shaidu.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An gama ɗaukar duk muryoyi. Waƙar da ta ɓace na haƙura da ita, kundin ya koma takwas. An ga wata, Sarkin Musulmi ya sanar gobe 1 ga Ramadan. Ba zan rera komai ba sai bayan Sallah.

Laraba, 5 ga Maris

Haɗa sauti, bayan Asham zuwa sha biyun dare. Zafi ya fara, fanka kuma dole a kashe ta in ana saurare. Muna fitowa kamar an tsamo mu daga rijiya.

Dabarar da muka ɗauka: duk waƙar da aka haɗa sai an ji ta a wuri uku, lasifikar situdiyo, wayata mai tsagaggen gilashi, da MP ɗin wani mai keke da ke kwana a layin. A situdiyo bes yana girgiza ƙirji, a waya babu shi sam, don ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka. Mutanena kuwa a waya za su ji. Mai kiɗa ya ɗaga bes ɗin zuwa inda waya ke kamawa, ya rage wa kalangu kaifi don a MP yana soke kunne.

Litinin, 10 ga Maris

Yaran tashe sun tsaya a ƙofar situdiyo da gwangwanayensu, ba su tafi ba sai da aka sallame su. An haɗa waƙa shida.

Asabar, 15 ga Maris

Jos. Mota daga tasha da sassafe, ta Nabordo da Magama da Tilden Fulani, tafiyar awa biyu da ɗoriya. Iskar garin kaɗai ta biya kuɗin motar ga mai azumi.

Mai mastarin ɗin ba Bahaushe ba ne amma Hausarsa ta Jos garau. Ya saurari takwas ɗin bai ce uffan ba, sannan ya tambayi wanda ya buga kalangu. Ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba: Spotify yana daidaita ƙarar kowace waƙa zuwa wani ma'auni, -14 LUFS, saboda haka wanda ya matse waƙarsa don ta fi ta kowa ƙara, rage masa za a yi, ya tashi ba ƙarar ba numfashin. Amma a memori da Xender ba mai daidaita komai, wadda ta fi ƙara ita ke cin kasuwa. Don haka ya yi mini kashi biyu: WAV mai sarari don manhajoji, da MP3 mai ƙarfi don waya. Dubu 12 kowace waƙa, 96 ke nan. Na sha ruwa a hanya da dabino da ruwan leda, na iso gida ana Asham.

Laraba, 19 ga Maris

Ɗora waƙa a Spotify da Apple Music da Boomplay ba kai tsaye ake yi ba, sai ta hannun kamfanin rarrabawa, su ne ke ba kowace waƙa lambarta ta ISRC mai harafi da lamba 12. Kuɗinsu dala ashirin da 'yan kai ne a shekara. Katin bankina na naira ya ƙi biya, kamar na kowa. Wani abokin karatuna da ke aiki a Abuja ya biya da nasa na dala, na tura masa dubu 40.

Hoton bango ma an dawo da shi. Girman ya yi daidai, 3000 sau 3000, amma mai zanen ya sa lambar wayata a ƙasa kamar fostar biki, su kuma ba sa karɓar lambar waya ko adireshi a jikin hoto. Ya cire, an karɓa. Ranar fita: Juma'a 4 ga Afrilu. Tun 2015 duniya ta tsayar da Juma'a ranar sakin sababbin waƙoƙi, kuma ta faɗo mini daidai, kwana biyar bayan Sallah, kafin kuɗin mutane da nishaɗinsu su ƙare.

Litinin, 24 ga Maris

Ina shago wajen La'asar sai na ji jitata. Daga rumfar masu tura waƙa a waya take fitowa, layi biyu tsakaninmu. Waƙar tasha ce, tsohon haɗin da ba a gama ba, har da inda na yi gyaran murya kafin baiti na biyu. Sunan da ke jikin fayil ɗin "Sabuwa 3". Ba sunana, ba komai.

Jikina har rawa yake. Yaron rumfar ya ce shi ma turo masa aka yi, kuma tun shekaranjiya mutum ya fi ashirin sun karɓa. Ta inda ta fita ba boyayye ba ne, mutum nawa ne ke taɓa kwamfutar situdiyo? Na kira mai kiɗa, ya ce zai yi maganin abin.

Yaya ya bar ni na huce, sannan ya ce, "Kai da kake zaune a kasuwar nan, ka taɓa ganin wanda ya zo ya ce a sa masa Spotify?" Ban taɓa ba. Spotify ya shigo Najeriya tun 2021, amma mai keke da mai shayi da matan gida hanyarsu ɗaya ce: a miƙa memori, a ba da naira ɗari, a cika shi. Waɗannan yaran su ne rediyon garin nan na gaskiya, kuma ko na yarda ko ban yarda ba waƙar za ta bi ta hannunsu. Abin da ya rage mini shi ne wace za ta bi, gurguwar ko cikakkiyar, da suna ko babu.

Na koma rumfar na ce ya goge wannan, ranar 4 ga wata zan kawo masa takwas da hannuna, shi da sauran. Ya ce, "Kyauta, Yaya?" Na ce kyauta, amma kada a canza sunan fayil.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Na kai wa Baba waƙoƙin a waya. Ya ji ukunsa, ya ce a sake masa ta biyu. Sauran biyar bai tambaya ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Ya fita. Audiomack da YouTube ni na ɗora da kaina tun dare. Bayan Masallaci na zaga rumfunan Wunti da Muda Lawal da na bakin jami'a a Yelwa da filashi, kowane fayil da sunana da sunan waƙa da lambar waya a jiki. Na kai wa Globe FM da Albarka Radio da BRC kwafi.

Matsala ɗaya: a wata manhaja an zuba waƙoƙin a shafin wani mawaƙi mai irin sunana, mai waƙoƙin yabo. Na rubuta wa masu rarrabawa, sun ce gyaran zai ɗauki kwanaki.

Asabar, 12 ga Afrilu

An raba ni da mai sunana. Audiomack ya nuna an saurara sau dubu uku da ɗari biyu, rabi duk waƙar tasha ce. Spotify 140, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a shekara ba ba a biyan ta komai. YouTube sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin a fara maganar kuɗin talla, ni ina da mabiya 212. Na nuna wa mai kiɗa, ya ce in riƙe masa kashi 15 ɗinsa kada ya ɓace.

Na memori ba mai iya ƙirgawa, amma wayata ba ta huta ba. Kira biyu na biki ne, ɗaya daga Azare. Na Azaren so suke in rera waƙar tasha, waƙar da na yi a kan wanda ya raka masoyiyarsa mota bai sake ganinta ba, amma in sa sunan amarya a amshi. Na ce zan yi musu sabuwa, wannan a bar ta yadda take. Har yanzu ana ciniki.

Jimillar abin da aikin ya ci dubu 535: situdiyo 200, mai 62, Jos da kuɗin mota 112, sauran Baba da 'yar amshi da gyaran kwamfuta da rarrabawa da tarkace. Yaya yana bina 55.

Asabar, 26 ga Afrilu

Bikin Azare ya tabbata, 10 ga Mayu, dubu 120 da mota. Baba zai bi ni, mun yi magana dubu 25 nasa. Daga ciki zan biya Yaya, abin da ya saura na bidiyon waƙar tasha ne. Mai kyamara ya ce a jira ruwa ya sauka duwatsun hanyar Dass su yi kore, ni kuma ina so ya fita kafin Babbar Sallah a farkon Yuni, sai mu ga wanda damina za ta goya wa baya. Amshin yarinyar zai fito a bidiyon ba tare da ita ba, kamar yadda aka yi alkawari. Waƙa ta tara da ta ƙone na fara sake rubuta ta, baiti biyu sun dawo, na uku ya ƙi. Ranar Talata zan je Yelwa mu gwada ta da gurmi maimakon jita, in an samu mai gurmin.